Tsibirin Gore: a hau Kastel ko a zauna ƙasa?

Hajiya Ramatu, Tawa:
Salamu alaikum ƴan zaure, ina gaida manya da yara. Shawara nike biɗa. In Allah ya kai mu watan gobe zan tahi Dakar wajen ɗiyata da ta ƙare karatun likita, za a ba su takardarsu. Ta ce za ta ware yini guda ta kai ni wani tsibiri da ake ce ma Gore, mu ga gidan bayi na zamanin cinikin mutane, kana mu hau wani tudu da ake ce ma Kastel mu kalli teku. Gidan bayi na yarda. Hawan tudun ne bai kwanta mini ba. Ni da gwiwar hagu ke kuka in na tashi daga sallah, kuma tun da anka haife ni babban ruwan da na sani shi ne tabkin Tabalak, shi ma daga baki nike tsayawa. Wanda ya taɓa zuwa ya gaya mini tsakani da Allah, hawan nan ya kai a sha wahalarshi, ko in samu inuwa in jira su?

Elhaji Mamman Mai Albasa:
Wa alaikumus salam Hajiya, barka da arziki, Allah ya sa albarka ga karatun yarinya. Samu inuwarki ki zauna. Mu da munka tashi cikin duwatsun Adar, wa ya taɓa hawan dutse don kallo? In kin ga mutum bisa dutse a Keita ko Buza, ko akuyarshi ta ɓace ko rezon waya yake nema. A hau tudu a tsaya ana kallon ruwa, wannan aikin nasara ne da ya ci ya ƙoshi. Na ga teku a Kotonu, na gan ta a Abijan. Ruwa ne dai mai yawa, ba a shan shi, ba a ban ruwan albasa da shi.

Zainabu, Dakar:
Inna Hajiya barka da arziki. Shekarata ta huɗu ke nan ina karatu a nan, kuma duk baƙon da ya zo daga gida ni ake ɗora wa kai shi Gore. Kada kalmar tudu ta tsorata ki. Tsibirin kacokan tsawonsa mita 900 ne, faɗinsa bai wuce mita 350 ba. Babu mota ko ɗaya a ciki, babu kabu-kabu, kowa da ƙafa yake yawo. Tudun da ake ce wa Kastel yana can ƙarshen kudu, tsayinsa wajen mita 30 ne daga ruwa. Hanyar shimfiɗaɗɗa ce, tana hawa sannu a hankali tsakanin itatuwan kuka, masu zane sun rataye kayansu hagu da dama. In ƙafa ta gaji sai ki tsaya kamar zane kike dubawa, babu wanda zai san hutawa kike yi. Ni kaɗai minti goma nake yi, da dattawa kuwa ashirin, da hira da komai.

Batun ruwa, ba kwalekwale za ki shiga ba. Babban jirgin fito ne, a nan shalup ake ce masa, da kujeru da rufi, daga tashar jiragen ruwa ta Dakar yake tashi, minti 20 kun isa. Ki zauna ƙasa a tsakiya, ki riƙa duban nesa, kada ki sa ido kan ruwan da ke gefen jirgi. Ki taho da katin shaidarki, don kuɗin tikiti kashi-kashi ne: na ɗan ƙasa daban, na ɗan Afirka daban, na nasara daban.

Hajiya Ramatu, Tawa:
Allah ya yi miki albarka ɗiyata. Mita 30 ɗin nan, in anka kwatanta da abin da na sani fa?

Zainabu, Dakar:
Kamar bene mai hawa goma, Inna, amma an kwantar da shi an miƙe shi.

Lawali, Yamai:
Baba Elhaji a yi mini afuwa, amma ranar Lahadi da yamma ka ƙetare Gadar Kennedy ka nufi duwatsun nan uku na bayan Harobanda, ka ga ko nasara ne ke bisa. Mu ne, ƴaƴanku, da shayinmu da tabarmarmu. Ni shekara goma ina Yamai ina ɗauka na san garin, sai da na hau can na ga yadda gulbi ya lanƙwasa, na ga gonakin shinkafa kore shar a bakinsa, bayansu kuma ja wur babu ko ciyawa. A ranar na gane dalilin da ya sa ruwa ke cin wasu unguwanni duk damina ya bar wasu. Daga cikin taksi ba ka ganin wannan.

Elhaji Mamman Mai Albasa:
Yaro, da ka tambayi tsohuwar da ke unguwar da ta gaya maka ba tare da ka kashe takalminka ba.

Mushe Idi, Tawa:
Hajiya barka. Elhaji, yau kam ba ni tare da kai, ko da yake shekara arba'in muna sahu guda a masallaci. Na je Gore sau biyu lokacin ina aikin koyarwa. Zuwan farko na bi ayari, munka shiga gidan bayi, munka ci abinci, munka komo. Zuwa na biyu na hau Kastel, kuma sai a nan abin da na yi shekaru ina karanta ma yara a aji ya zauna mini a kai.

In kin tsaya bisa kika dubi arewa, tsibirin duka yana ƙarƙashin ƙafarki kamar faifai: jajayen rufin gidaje, ƴan lunguna, da ƴar tashar da jirginku ya tsaya. Can ƙarshe akwai wani zagayayyen gini na soja, Fort d'Estrées, da Faransawa sunka gina a shekarun 1850, yanzu gidan tarihi ne. Ki juya yamma, ga dogayen benayen Dakar. Gabas kuma gaɓar ƙasa ta yi baka ta nufi Rufisk, manyan jiragen kaya na tsaye a tsakani suna jiran layin shiga tasha. Kudu babu komai sai ruwa har inda ido ya ƙare.

Abin lura shi ne ruwan da ke tsakanin tsibirin da gaɓa kwance yake, don hancin ƙasar Dakar ya tare mishi manyan igiyoyi. Jirgi na iya tsayawa nan lafiya lau, kuma wanda ya riƙe wannan dutse yana ganin duk mai shiga da mai fita. Shi ya sa ɗan wurin da bai kai wata unguwar Tawa ba turawa sunka yi ta ƙwace shi hannu da hannu. Mutanen Fotugal sunka fara isowa a 1444, Holandawa sunka zo sunka ba shi sunan da ya rikiɗe ya zama Gore, Faransawa sunka karɓe a 1677, Ingilishi ma sun riƙe shi fiye da sau ɗaya. Mutanen ƙasar kuwa Ber suke ce mishi.

Za ki tarar da manyan bindigogi bisa, irin waɗanda yaro ke iya zura kai a bakinsu. A watan Satumba 1940 jiragen yaƙin Ingila tare da Janar Digol sun zo karɓe Dakar daga hannun Faransawan da sunka bi gwamnatin Vishi, wadda ta miƙa wuya ga Jamus. Kwana uku ana ɓarin wuta, daga 23 zuwa 25 ga wata, sunka koma ba su samu ba. Akwai jirgin da ya nutse a lokacin, Takoma, har yau shalup sai ta kewaye alamar da anka sa a kan gawarshi kafin ta shiga tashar Gore. In kin ga jirginku ya yi kwana ba dalili, dalilin ke nan.

Sai abin da ya shafe mu mu ƴan Nijar kai tsaye. Makarantar horon malamai ta William Ponty a wannan tsibiri take daga 1913 zuwa 1937, kafin a maida ta Sebikotan. Boubou Hama nan ya yi karatu. Diori Hamani nan ya yi. Modibo Keita na Mali da Ufuwet Bwanyi na Kodibuwa duk sun taka lungunan nan da gajeren wando. Da na tsaya bisa Kastel sai na riƙa tunanin yaro ɗan bakin gulbi, wanda ya yi makonni a hanya, an aje shi kan dutse tsakiyar ruwan gishiri, in kewar gida ta kama shi ina za shi? Nan dai zai hau ya dubi gabas.

Sa'adatu, mai kula da zaure:
Mushe, ka maida mu aji. Saura ka ce mu fiddo alli da allo.

Ibro, Yamai:
Tunda Mushe ya buɗe tarihi, bari in jefa nawa, ko da za a ji haushina. Ni Kastel ɗin ma ya fi mini gidan bayi gaskiya. Dutse ba ya ƙara gishiri. Gidan bayin gini ne na ƙarshen ƙarni na 18, na wani gidan attajirai ƴan tsibirin, sama mazauni, ƙasa ɗakunan ajiya. An maida shi gidan tarihi a 1962, kuma marigayi Boubacar Joseph Ndiaye, wanda ya kula da shi har rasuwarsa a 2009, shi ya sa duniya ta san shi da bakinsa mai ratsa jiki. To amma zancen da ake yi wa baƙi cewa miliyoyin mutane sun fita ta ƴar ƙofar nan mai kallon teku, masana tarihi da yawa ba su yarda da shi ba. Ku dubi bayan ƙofar, duwatsu ne, jirgi ba ya matsowa nan. Manyan tashoshin da aka kwashi mutane suna can kudu, irin su Wida a Benin, Boni a Najeriya, Luwanda a Angola. Ko a Senegal ɗin ma, Sanluwi ta fi Gore wannan mugun ciniki.

Fatima, Ƙonni:
Yaya Ibro, kai dai kullum da ma'auni a hannu. Na shiga ɗakunan nan. Akwai wani ƙarƙashin matakala da ba ka iya miƙewa tsaye a ciki. Ko mutum ɗari ne suka kwana a wurin, ai ƴaƴan wasu ne. Mandela ya je, Fafaroma ya je a 1992, Obama ya je a 2013, kana ganin duk lissafi suka je yi?

Ibro, Yamai:
Ƙanwata ban ce ba a yi bauta a Gore ba. An yi, an sayar da mutane, an kuma riƙe wasu suna bauta a cikin gidajen tsibirin kansa. UNESCO ba ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 1978 a banza ba. Cewa na yi in abu gaskiya ne ba ya bukatar a hura shi. Ranar da yaro ya gano an ƙara masa a lamba, sai ya fara shakkar sauran labarin duka.

Fatima, Ƙonni:
To na ji. Amma tunda gaskiya ake so, mu faɗe ta duka. Muna zuwa bakin teku muna hawaye kan bautar da turawa suka yi, alhali a ƙasarmu sai 2003 aka yi dokar da ta sa bauta ta zama laifin da ake ɗaure mutum a kansa. Kuma a 2008 kotun CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta zauna a Yamai ta ba wata mata ta yankinmu gaskiya, wadda aka sayar tana yarinya da sunan wahaya, wato baiwar da ake ƙarawa bayan mata huɗu. Wannan ba ƙarni na 18 ba ne, muna raye aka yi.

Mushe Idi, Tawa:
Ɗiyata kin faɗi abin da manya ke jin nauyin faɗi. Ba ni da abin ƙarawa.

Sa'adatu, mai kula da zaure:
Maganar Fatima babba ce, ta isa a buɗe mata zaurenta daban, kuma zan buɗe in sha Allahu. Amma Hajiya gwiwa ta tambaya, kun kai ta kotu. Mu dawo kan hanya.

Lawali, Yamai:
To ni in dai kallo ake so na sosai, Gore wasan yara ne. Tsibiran Madelen ne wurin. Suna yamma da Dakar, daga bakin ruwan Sumbejun ake shiga kwalekwale. Gandun gwamnati ne tun 1976, babu mai zama a ciki ko mutum ɗaya. Baƙin dutse ne tsaye cikin teku, igiya na dukansa tana tashi fari fat. Akwai kukoki da iska ta hana su tsawo, sun kwanta suna rarrafe a ƙasa kamar kabewa, ga wasu fararen tsuntsaye masu jan baki da doguwar jela da ke sheƙa a ramukan dutsen. Ƴar hanya ce ta ƙafa take zagaya saman tsibirin, ni da abokaina mun yi ta cikin awa guda da tsaye-tsayen ɗaukar hoto. Lebu, masuntan wurin, sun ce mazaunin wani iska ne mai tsaron Dakar, shi ya sa ba a kwana.

Zainabu, Dakar:
Lawali ka ji tsoron Allah. Matar da ta ce daga bakin Tabalak take tsayawa ita za ka sa a kwalekwale cikin igiyar Sumbejun? Wurin da babu inuwa, babu ruwan sha, babu mai sayar da ko ƙuli-ƙuli, kuma sauka daga jirgin ma sai an yi tsalle kan dutse mai santsi? Ni da ƙuruciyata sai da na yi amai sau biyu. Inna kada ki saurare shi. In kin ji daɗin Gore kina son ƙari, akwai tsibirin Ngor a arewacin gari, ƙetarawar ƴan mintoci ce, shi ma ana zagaya shi da ƙafa, bayansa akwai inda ake zama kan dutse a kalli teku. Amma shi kwalekwale ne, kuma sai kin tattare zane kin taka ruwa.

Elhaji Mamman Mai Albasa:
Wato har iskoki sun gane wurin ba na zama ba ne sai su, amma Lawali ya biya kuɗi ya je. Allah ya shirya.

Hajiya Ramatu, Tawa:
Madelen na yafe, Ngor ma na yafe. Zainabu, sallah fa? Kada azahar ta riske ni tsakanin bindigogin nasara. Kuma me ake ci?

Zainabu, Dakar:
Akwai masallaci a gindin Kastel ɗin ta gefen yamma, ginin dutse ne tun 1890, yana cikin tsofaffin masallatan Senegal. Dab da ruwa yake, kina sallah kina jin igiya. Shawarata ku shiga jirgin safe, ku fara da hawan tun rana ba ta yi zafi ba kuma ƙafa na da ƙarfi, ku sauko ku yi gidan bayi, sannan sallah da abinci. Yawancin mutane akasin haka suke yi, sai su isa gindin tudun da tsakar rana ciki cike da shinkafa, su ce ba za su iya ba. Ku duba lokacin buɗe gidan bayin tun kuna tasha, don ana rufe shi da tsakar rana. In da hali ku kauce wa Asabar da Lahadi saboda cunkoso.

Takalmi mai kama ƙafa, ba silifa mai santsi ba. Ki ɗaura kallabi da kyau, iskar sama ba ta da kunya, ta taɓa raba wata gwaggona da mayafinta. Kada ki matsa bakin dutsen ta kudu don hoto, wurare da yawa babu shinge. Abinci kuwa cebujen ne, shinkafa da kifi, ga bisap mai sanyi. Na bakin tasha sun fi tsada, ku ɗan shiga ciki.

Abu na ƙarshe: tun cikin jirgi mata ƴan kasuwa za su zo su gaishe ki, su gaya miki sunansu, su tambayi naki. Kina sauka za ki ji ana kiran Hajiya Ramatu kamar a Tawa. Ba laifi ba ne, sana'a ce, amma in kin ce za ki biyo shagonsu to za su riƙe ki da alkawarin. Haka masu cewa za su zagaya da ku, a yi ciniki tun kafin a ɗaga ƙafa. Ni wani ya taɓa bin mu da labari ba mu kira shi ba, da muka gama ya tsaya kan sai mun ba shi jaka biyar.

Elhaji Mamman Mai Albasa:
Yanzu kinka yi magana. Matan nan sun san kasuwa. A kama sunan mai saye tun bai sauka ba! Wannan ko a Galmi sai a koya.

Ibro, Yamai:
Hajiya, filin jirgin saman da za ki sauka ma sunan ɗan Gore yake ɗauke da shi. Blaise Diagne a tsibirin aka haife shi a 1872, shi ne baƙar fatar Afirka na farko da aka zaɓa majalisar dokokin Faransa a 1914. Filin yana da nisa da gari sosai, ki ce wa ɗiyarki ta fito da wuri.

Hajiya Ramatu, Tawa:
Salamu alaikum, na komo gida lahiya tun shekaranjiya, gajiya ce ta hana ni leƙowa. An ba yarinya takardarta, na gode da addu'o'inku.

Na hau. Sau uku na tsaya duban zane kamar yadda Zainabu ta koya mini, a tsayawa ta ukun mai zanen ya gane ni ya jawo mini kujera, don kunya sai da na sayi wani ɗan ƙarami na rairayi. Da munka kai bisa ban yi magana ba na ɗan lokaci. Mushe, na ga kwanan da jirgi ya yi, na ga ruwan kwance ta gefen gari yana hauka ta gefen kudu, yadda ka faɗa. Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne akwai mutane da ke zaune cikin ramukan sojan nan na ƙarƙashin bindigogi, har da shanya da tukunya bisa wuta. Wata ta ba ni ruwa na sha.

Gidan bayi kuwa, Ibro, na tuna da lissafinka a bakin ƙofa, amma da na shiga ɗakin da anka ce na yara ne sai na manta da shi. Fatima, ina jiran zauren da Sa'adatu ta ce za ta buɗe, ina da abin faɗi.

Saukowa ta fi hawa ciwo, wannan ku gaya ma duk mai gwiwa irin tawa. Sai da na dafa kafaɗar likitar tawa har ƙasa, kwana biyu ina shafa man zafi. Mayafi yana nan, na ɗaure shi tam.

Elhaji, daga can bisa na kira gida na ce a ba tumakina dusa.

Elhaji Mamman Mai Albasa:
Sannu da zuwa Hajiya, barka da hanya. Ashe dai rezo kinka hau nema.